Zancen Zaure: An Sa Sabon Famfo, Motar Ba Ta Warke Ba

Masu karatu, a wannan wata za mu ajiye zancen allo da alli tukuna, mu yi zancen mota. Makarantarmu tana da a-kori-kura guda ɗaya mai shan man gas, irin ta zamani mai kwamfuta a ciki. Iyayen yara ne suka yi karo-karo har shekara 2 kafin a same ta. Ita take kawo littattafai daga birni, ita take kwaso masara daga gonar makaranta, in kuwa naƙuda ta yi wa wata mace gardama da tsakar dare, ƙofar direbanmu ake bugawa.

Wajen ƙarshen damina direba yana dawowa da siminti, sai motar ta yi tari sau biyu, ta mutu a kan hanya. Aka jawo ta zuwa garejin kamfanin da ke sayar da irinta. Da gangan muka ƙi kanikawan bakin hanya, gama mun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Suka duba, suka ce babban famfon mai ne ya lalace. Suka sa sabo, muka biya kuɗin da ya fi albashin malamanmu uku na wata guda, muka komo gida da murna.

Murnar ba ta cika mako 3 ba. Da fari sai an daɗe ana murza makulli da safe kafin ta tashi. Daga baya inji ya soma rawa, yana ƙara kamar ana buga guduma a ciki, farin hayaƙi yana fita ta salansa. A hawan tudu kuwa ko keken ɗan makaranta yana iya wuce ta. Ran nan ta sāke mutuwa.

Muka koma wurin manajan garejin, muka ce, "Yallaɓai, ga motar da kuka gyara." Ya ce, "Malam, mu famfo muka sa, famfonmu kuwa sabo ne. Ku tambayi direbanku inda yake shan mai." Da wannan magana muka dawo, kwamitin makaranta kuma ya zauna a kan direba. Saura kaɗan a sallame shi, mutum mai 'ya'ya 5.

Wani dattijon makaniki ne ya cece shi. Shekarunsa da yawa yana gyaran manyan motoci. Bai taɓa famfon ba ma. Filtar mai ya kwance, ya juye abin da ke ciki a kan farin ƙyalle, ya kai rana. Sai ga ƙyallen yana walƙiya kamar an barbaɗa masa kwalli. Ya goga maganaɗisu, ɓarɓashin ƙarfe ya manne masa. Ya ce, "Malam, sun wanke tankin?" Muka ce, "Baba, ba mu sani ba." Ya ce, "Ai kuwa ni na sani."

Ga yadda abin yake. Injin gas ba shi da fulogi irin na injin fetur. Iska yake matsawa har ta yi zafi ƙwarai, sa'an nan a fesa mai a ciki ya kama da kansa. Domin man ya fita laushi kamar hazo, famfon motocin zamani yakan matsa shi da ƙarfin da ya fi na iskar cikin taya sau ɗaruruwa, wani ma kusan sau 800. Daga nan man ya shiga wani bututu mai kauri, ya rarrabu zuwa nozul-nozul, waɗanda ƙofofinsu ba su fi kaurin gashin kai da yawa ba. Abin lura shi ne, a yawancin irin waɗannan famfuna ba baƙin mai ne yake sa ƙarafan ciki su yi santsi ba, man gas ɗin ne da kansa. In ruwa ya shiga, ko fetur, ko kananzir, santsin ya ragu, ƙarfe ya soma cin ƙarfe.

To, garin ƙarfen nan ba ya zama wuri ɗaya. Wani ya bi bututu zuwa nozul. Wani kuma ya bi hanyar da ragowar mai take komawa tanki, gama ba dukan man da famfo ya ja ne inji yake ƙonewa ba. Watau kafin motar ta tsaya, garin ya riga ya zaga ko'ina. Wanda ya sa sabon famfo bai wanke tanki ba, bai sāke bututai da nozul ba, kamar matar da ta sayi sabuwar randa ce ta juye mata ruwan tsohuwar da ɓera ya mutu a ciki.

Nozul da ya ci ƙarfe kuwa ba ya rufuwa sosai. Maimakon hazo sai ya riƙa ɗiga. Shi ne farin hayaƙin nan da bugun guduma. In aka ci gaba da tuƙi haka, man yana iya ƙona kan fistin, ko ya zurara ƙasa ya gauraya da baƙin mai ya tsinka shi, daga nan sai a ji inji ya buga. Dattijon ya zaro sandar awon baƙin mai ya nuna mana: ya haura alamar cika, yana warin gas. Mu da muke murna motarmu ba ta shan baƙin mai!

Kada mai karatu ya zaci a ƙasarmu kaɗai ake shan wannan wahala. A Amurka an yi ta fama da wani famfo na kamfanin Bosch da ake kira CP4. Kamfanin Ford ya soma sa shi a manyan a-kori-kuransa a motocin 2011, General Motors kuma ya yi aiki da shi daga motocin 2011 zuwa na 2016. A cikinsa akwai ɗan gargaren ƙarfe da ke birgima a kan ƙusumbin sanda mai juyawa. In santsi ya kāsa, ko gargaren ya karkace, sai ya daina birgima ya soma kankara. Masu motoci da yawa sun kai ƙara kotu, suna cewa famfon bai dace da man ƙasarsu ba, gama tun 2006 aka rage farar wuta a man gas na Amurka, aikin cire ta kuwa yakan tafi da wani abu na santsin man. A watan Nuwamba 2021 aka kira motocin Ram fiye da 220,000, na 2019 da 2020, su komo a sāke musu famfon kyauta. Tamu ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ce, amma abin da ya shafe mu shi ne irin gyaran da ake yi a can sa'ad da ƙarfe ya watsu: famfo, da nozul duka, da bututai, da filta, sa'an nan a wanke tanki. Shi ya sa kuɗin yakan kai dala dubbai.

Yanzu bari mu faɗi namu laifin, gama ba daidai ba ne mu ɗora wa garejin kome. Sa'ad da muka tambayi direba a natse, ya ce gaskiya ne sau biyu ya sayi man jarka a wurin 'yan bumburutu. Me ya sa? Domin kuɗin man da kwamiti yake ba shi bai isa gidan mai ba, mu ne kuma muke ta ce masa ya yi tattali. Har wa yau akwai ɗan kofi a ƙarƙashin filta inda ruwa yake taruwa, da ƙaramin famfo na zubar da shi. Fitilarsa ta yi ta kamawa a gaban direba, ba wanda ya taɓa gaya masa ma'anarta. Tsofaffin injunan da muka saba da su, irin na injin niƙa, suna haƙuri da ruwa da datti har wani lokaci. Na zamani ba su da wannan haƙuri. Mutuwar fari dai mai yiwuwa ne tamu ce. Amma ta biyu, a ganinmu, tasu ce, gama wanda ya cire famfon da ya niƙe kansa ya san inda garin ya tafi.

Abin da ya ɗaure mu a gaban manaja shi ne rashin takarda. Rasit ɗinmu layi ɗaya ne: an sāke famfo. Ba mu ce a rubuta mana abin da aka duba da abin da aka bari ba, ba mu tambayi garantin wata nawa ne ba, ba mu kuma karɓi tsohon famfon ba, wanda da shi ne babban mashaidinmu. Wanda zai kai motarsa gyara irin wannan, ya nemi waɗannan uku kafin ya biya, ya kuma ce a buɗe filtar a gabansa.

Mun koma da farin ƙyallen nan a cikin leda. Manaja ya daɗe yana dubansa, sa'an nan ya yarda za su sauke tankin su wanke, su sāke bututai, ba ladan aiki. Kuɗin nozul 4 kuwa ya ce namu ne, har yanzu muna jayayya a kai. Kwamiti ya ba direba haƙuri a gaban kowa, ya ƙara kuɗin mai, da sharaɗin ya riƙa kawo rasit na gidan mai. Masarar bana dai a amalanken shanu aka kawo ta, sawu 11.