KATI NA TUNGA, MAI SHI NA IKKO

Jama'a, yau maganar katin zaɓe za mu yi, kuma da ku nake 'yan'uwa mazauna Kurmi, musamman mutanen Jihar Neja da ke neman abinci a Ikko da Badun da Shagamu da Anacha da Fatakwal.

Mu ɗauki mutumin Tunga ta Minna. Ya yi rajista a unguwarsu, cikin ƙaramar hukumar Chanchaga, tun bai baro gida ba. Yau shekara bakwai ko goma ke nan yana kasuwar Mile 12 yana sauke albasa, ko yana Agege yana acaɓa, ya yi aure, 'ya'yansa har sun fi shi jin Yarabanci. Amma katinsa har yanzu cewa yake yi rumfar zaɓensa tana Tunga. Ran zaɓe ta zo, an hana motoci zirga-zirga, mutum yana Ikko sunansa yana Minna. Bai zaɓi kowa a can ba, bai zaɓi kowa a nan ba, watau an yi biyu babu, ba tsuntsu ba tarko. Da yamma kuma shi ne kan gaba a bakin mai shayi wajen zagin wanda ya ci.

Irin wannan mutum ba shi kaɗai ba ne. A zaɓen 2023 hukumar zaɓe ta INEC ta ce mutum 93,469,008 ne ke cikin rajista, fiye da miliyan 87 kuma sun karɓi katinsu. To amma waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ran 25 ga Fabrairu ba su cika miliyan 25 ba, watau cikin mutum huɗu da ƙyar aka sami ɗaya da ɗoriya. A Jihar Neja masu rajista sun kusa miliyan 2.7, amma ƙuri'un da aka jefa ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Wasu sun zauna gida ne don fushi, wasu don tsoro, wasu don ƙarancin takardun kuɗi da aka sha a lokacin. Amma akwai jama'a masu yawa da ba abin da ya hana su sai nisa, kuma mu 'yan ci-rani muna cikinsu dumu-dumu.

Na san abin da wasunku za su ce: ai ko mun yi, wanda suke so za su ba. Ba zan ce wannan magana ba ta da tushe ba, balle a gaban mutumin Minna. Ɗan garinsu ne, Janar Ibrahim Babangida, ya soke zaɓen 12 ga Yuni na 1993, zaɓen da Abiola ya kada Bashir Tofa har a Kano. Amma kuma ɗan garin nan ne, Janar Abdulsalami Abubakar, ya kafa INEC a 1998, ya miƙa wa farar hula mulki ran 29 ga Mayu 1999, kuma tun daga ranar soja bai sake hawa ba. A 2015 mun ga shugaba mai ci ya sha kaye ya sauka. A 2023 kuwa, a nan Ikko, Peter Obi ya sami ƙuri'a 582,454, Bola Tinubu ya sami 572,606 a jihar da ya yi wa gwamna shekara takwas. Tazarar ba ta kai dubu goma ba. Ku dubi Idi-Araba da Obalende da Agege da Alaba Rago, ku faɗa mini ko Hausawan da suka wuni zaune a ranar ba su fi dubu goma ba. Wanda bai jefa ƙuri'a ba, ba a ma bukatar a yi masa maguɗi, shi ya sauƙaƙe wa masu yi aiki.

To, in za a yi, a ina za a yi? Nan ne gizo ke saƙa.

Da yawanmu sun saba cewa za su tafi gida. Kyakkyawar niyya ce, amma ku lissafa. Kuɗin mota zuwa da dawowa, ga hanyar Ilori da Jebba da Mokwa da Bida wadda kowa ya san wuyarta, ga kasuwa da za a rufe kwana huɗu ko biyar, ga tsarabar da ba a shiga gida ba ita. Zaɓen kuma ba rana ɗaya ba ne, na shugaban ƙasa daban, na gwamna daban. Bugu da ƙari, ba a da tabbacin ranar. A 2015 an ɗaga zaɓe da mako shida. A 2019 mutane sun riga sun isa garuruwansu, cikin daren 16 ga Fabrairu aka ce an ɗaga sai 23 ga wata, mai guzurin kwana uku ya rasa yadda zai yi, da yawa suka juyo ba su koma ba. A 2023 ma na gwamnoni an matsa shi daga 11 zuwa 18 ga Maris. Mai ƙaramin jari ba zai iya wannan kai-komo ba, shi ya sa niyyar tafiya gida takan ƙare a baki.

Ni a ganina, wanda ya san zamansa a Kurmi ya yi nisa, ya maido katinsa inda yake kwana yake tashi. Dalilina kuwa shi ne, hukuncin da ke taɓa tukunyarsa a nan ake yanke shi. Da gwamnatin Ikko ta hana acaɓa a watan Fabrairu na 2020, ta kuma sake tsanantawa ran 1 ga Yuni 2022 a Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa da sauransu, ba gwamnan Neja aka tambaya ba. Da rikici ya tashi a Mile 12 a 2016 aka rufe kasuwa, da wanda ya ci kasuwar Shasha a Badun a watan Fabrairu na 2021, gaban gwamnonin waɗannan jihohi shugabanninmu suka je. Ɗan siyasa kuwa ko na wace ƙabila ne lissafinsa ɗaya: in Sarkin Hausawa ya shigo ofishinsa, abin da yake aunawa shi ne ƙuri'a nawa ke bayan rawanin nan. In ya san mutanen zango duk katinsu na Arewa, zai ba shi kujera da ruwan sanyi da kalmomi masu daɗi, shi ke nan.

Kada wani ya ce maka baƙo ba ya zaɓe a garin mutane. Doka ta yarda ɗan Nijeriya da ya cika shekara 18 ya yi rajista a inda yake zaune, ko inda yake aiki, ko inda ya fito, zaɓi nasa ne. Iyayenmu ma sun wuce nan. A shekarun 1950 Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga lardin Sakkwato, ya shiga jam'iyyar NCNC, aka zaɓe shi har ya zama magajin garin Inugu na farko. Shi kansa Zik da ya jagoranci jam'iyyar, a Zungeru aka haife shi a 1904, nan kusa da Minna. Abin da ya yiwu a zamanin Turawa bai kamata ya gagare mu yau ba.

Akwai hujjoji biyu da nake girmamawa. Na farko, mutumin da iyalinsa da gonarsa ke gida, shi rani kawai yake zuwa ci. Wanda danginsa ke Shiroro ko Munya ko Rafi, ya ga abin da ya faru da 'yan makarantar Kagara da na Tegina a 2021, yana da gaskiya in ya ce wanda zai mulki Neja ya fi damunsa. Wannan ya bar katinsa a gida, amma ya fara tara kuɗin mota tun yanzu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Na biyu, tsoro. An sami rahotannin 'yan daba suna korar masu zaɓe a wasu rumfunan Ikko a watan Maris na 2023, ba ƙarya ba ne. Amma ɗan daba mutum ɗaya ko biyu yake tsorata, ba ya tarar mutum ɗari biyu da suka fito tare, da dattawansu a gaba, a rumfar unguwarsu da kowa ya san su.

Sai gargaɗi, domin nan ne mutanenmu ke faɗawa rami. Wanda ke da kati a Tunga ba sabuwar rajista zai yi a Ikko ba. Yin rajista sau biyu laifi ne, kuma na'ura tana gane yatsa da fuska. A 2022, cikin mutum miliyan 12.29 da suka yi sabuwar rajista, INEC ta soke na mutum 2,780,756, da yawansu saboda maimaici. Sun sha rana a layi a banza. Abin da ake nema shi ne canjin wurin zaɓe: ka je ofishin INEC na ƙaramar hukumar da kake zaune da tsohon katinka, ko yaronka ya cika maka ta intanet, a mai da sunanka rumfar da ke kusa da kai. In sabon katin ya fito da ƙafarka za ka je ka karɓa, ba a aike. Ba a biyan ko kwabo, duk wanda ya ce ka kawo wani abu ɓarawo ne.

Hukumar ta sake buɗe rajista a watan Agusta na 2025 saboda zaɓen 2027, kuma ba a barin ta a buɗe har ranar zaɓe, dokar 2022 ta ce a rufe aƙalla kwana 90 kafin ranar. Saboda haka muna roƙon Sarakunan Hausawa na Agege da Sabon Badun da Shagamu, da shugabannin 'yan gwari da na 'yan kara da na direbobi, da limaman Juma'a, su tura wakili ofishin INEC mafi kusa ya jiyo ranakun da ake karɓar masu canji, a yi shela a masallaci, a riƙa kai mutane rukuni-rukuni a ranakun da kasuwa ba ta ci. Kuma a tafi da matan, domin su ma katinsu yana can Tunga cikin akwati.