Wannan Maƙerin Da Ruwansa

Wani ƙanena da ya karanta ilimin kwamfuta a Maraɗi ya zo gida Dakoro hutun salla. Muna zaune a fada ana jiran shayi na biyu, na tambaye shi aikin da yake yi wa kamfanin wajen da ke biyansa ta intanet. Ya ce manhajar talla suke ginawa, kuma cikin masu sayenta har da 'yan takara. Da ya ga na ɓata fuska sai ya yi dariya: "Yaya, ni maƙeri ne. In na ƙera wuƙa, wani ya yanka rago, wani ya soki ɗan'uwansa, ina ruwana?" Fada duka ta ba shi gaskiya. Haka ake faɗa daga Yamai har Kano, wai fasaha ba ta da laifi, sai mai amfani da ita. Ni dai ban yarda ba.

Maƙerin kasuwa in ya miƙa wuƙa ya karɓi kuɗinsa, hannunsa ya fita. Injiniyan tallar siyasa kuwa yana riƙe da ƙota har a gama yanka. Ana kawo masa jerin lambobin waya, manhaja ta haɗa su da shafukan masu su a Facebook, ta kasa mutane kashi-kashi bisa shekaru da gari da harshe da abin da suke yawan kallo, sannan ta nemo wasu masu kama da su. A saki saƙo iri goma, a duba wanda aka fi taɓawa da turawa, a zuba masa kuɗi, a kashe sauran. To wa ya koya wa na'ura cewa yawan turawa shi ne nasara? Injiniya. Kuma duk mai waya ya san abin da ke gudu a cikinta: labarin gina rijiya rarrafe yake, tsoro da fushi su ne masu ƙafa.

Tallar siyasa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mun san maroƙi, mun san makaɗi, mun san mota mai lasifika da atamfa mai hoton ɗan takara. Sai dai maroƙi a tsakiyar kasuwa yake buɗe baki. Bahaushe ya ji, Bafulatani ya ji, Buzu ya ji, in ya yi ƙarya gobe a tare shi a hanya. Sabuwar tallar raɗa ce. Tana iya gaya wa manomin Kornaka cewa ɗan takara zai kore masa shanu daga gona, ta gaya wa makiyayin kwarin Tarka cewa ɗan takarar nan zai buɗe masa burtali, babu wanda ya ji abin da aka faɗa wa ɗaya. A wani wuri wannan yaudara ce kawai. A nan kuwa, inda dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa kuma har yau ake ja-in-ja a kanta, wasa da wuta ne kusa da rumbu. Jihar Maraɗi ba ta manta Toda ba, inda aka kashe Fulani sama da ɗari a 1991, yawancinsu mata da yara, tun ba a san wayar hannu ba.

Kada wani ya ce tatsuniyar Turawa nake yi. A watan Mayun 2019 Facebook ya goge shafuka da asusu 265 masu alaƙa da wani kamfanin Isra'ila, Archimedes Group, waɗanda ke shigar 'yan ƙasa suna yaɗa labaran siyasa, kuma Nijar na cikin ƙasashen da aka ambata tare da Najeriya da Senegal da Togo. An kashe wajen dubu 800 kan tallar, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Kafin nan Cambridge Analytica ta yi aiki a zaɓen Najeriya na 2015 don a kayar da Buhari, har da bidiyon tsoratarwa. Wanda ya tona asirin kamfanin a 2018, Christopher Wylie, tsohon ma'aikacinsa ne, mai aikin bayanai. Da ya ce ba ruwansa, da har yau ana cikin duhu.

An ce mini mutanen karkara ba su da babbar waya. Waya ɗaya ta ishi ƙauye. Saƙon murya ya sauka a WhatsApp ɗin ɗan kabu-kabu, da yamma ya shiga katin wayar mai shago, ranar kasuwa ya isa rugga. An kuma ce ai tun Maris 2025 aka rusa jam'iyyu a Nijar, wa za a tallata? Na'urar ba ta tambayar katin jam'iyya, ra'ayi take sayarwa, kuma mai saye ba ya ƙarewa. Ga zaɓen Najeriya na 2027 tafe, saƙon Hausa da aka dafa don Katsina ba ya tsayawa a iyakar Ɗan Isa a duba masa takarda.

Maganin hukuma mun ɗanɗana shi: bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa tsakanin Bazoum da Mahamane Ousmane a Fabrairun 2021 aka katse intanet ɗin waya kwana goma, dillalin dabbobi da ɗan ci-rani suka sha hukuncin laifin da ba nasu ba. Dokar kare bayanan mutane tana nan tun 2017 da hukumarta, HAPDP, amma wa ya taɓa jin makiyayi ya kai ƙara Yamai don an sayar da lambarsa? Wanda ke ganin jerin lambobin da idonsa, ya san inda aka samo su, ya san ko an kasa mutane bisa ƙabila, shi ne mai zaune gaban kwamfuta.

Ban ce ƙanena ya bar aikinsa ba, gida na cin albarkacinsa. Na tambaye shi abu ɗaya: ranar da aka ce ya ware Fulani daban, manoma daban, zai yi? Ya daɗe yana juya kofin shayi, sannan ya ce ai manhajar ba ta rubuta "Fulani", harshe da wurin zama kawai take dubawa.