Baƙo Raɓa, Ɗan Gari Kaba: Ku Daina Rubuta Mana Zobe Ta Ranar Sallah

 Yau da ƙorafi muka zo, kuma mun san zai yi wa wasu ɗaci. A yi mana haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Tun bayan Sallar da ta wuce muke lura da wani yayi a labaran da ake turowa. Duk wanda yake neman inda zai ajiye saurayi da budurwa su yi hira, sai ya ɗauko su ya dire a bakin dam ɗin Zobe. Ruwa shuɗi, iska mai sanyi, tsuntsaye na kuka, masunci a cikin kwalekwale yana murmushi kamar an biya shi ya yi. A wani labarin da muka karanta, masoyan sun fito yawo a kan dam da ƙarfe biyu na rana, a watan Afrilu, wai suna shan iska. Mu da muke zaune tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi muka karanta muka dubi juna. Ƙarfe biyu na rana a Afrilu, ko akuya inuwa take nema. Zafi na haura digiri 40, kwalta na narkewa a ƙarƙashin takalmi, iskar da ke kaɗawa kuwa kamar daga bakin tanda ta fito. Wanda ya rubuta labarin nan ya zo Zobe, ba mu musa ba. Ya zo da yammar Sallah a cikin mota, ya ci soyayyen kifi, ya ɗauki hoto, ya koma Katsina kafin magariba. Abin da ya gani gaskiya ne, amma gaskiyar awa biyu ce.

Bari mu faɗa muku abin da hoton bai ɗauko ba. An kammala dam ɗin Zobe a 1983, zamanin mulkin Shehu Shagari, a kan kogin Karaduwa. Ginin ƙasa ne mai tsawon fiye da kilomita biyu da rabi, an yi shi domin ruwan sha da noman rani. Sai a watan Yulin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya ƙaddamar da aikin ruwan sha na Zobe. Ku lissafa da kanku: shekara 38. Jaririn da aka raɗa wa suna a shekarar da aka gama dam ya yi kaciya, ya yi makaranta, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, duk yana sayen ruwa a jarka, ga tafki shimfiɗe a bayan garinsu. Har yau ɗan ga-ruwa bai rasa aikin yi ba a unguwanninmu. In akwai labarin da ya fi wannan a Zobe, a nuna mana. Amma marubucinmu ya tsaya a bakin ruwan yana siffanta faɗuwar rana, bai tambayi yaron da ya wuce shi da kura cike da jarkoki ina za shi ba.

Bazara a wurin mai ziyara ita ce lokacin da sama take tas, hoto yake fita da kyau. A wurinmu ita ce watannin da ake fito da tabarma tsakar gida saboda ɗaki ba ya kwantuwa, kwanon rufi na ci gaba da fitar da zafi har tsakar dare. Lokacin ne kuɗin jarka yake tashi, rijiyoyi su ja baya, layin burtsatse ya yi tsawo tun kafin kiran sallar asuba. Uwa tana goge wa jariri ƙurajen zafi, mai shago yana lissafin kuɗin ƙanƙara, ɗalibin da ke zaune a gidan haya yana kai wayarsa wurin mai caji domin wuta ta kwana uku ba ta leƙo ba. In azumi ya faɗo a cikin waɗannan watanni, sai ka ga magidanci ya jiƙa rawani ya ɗora a ka yana jiran la'asar. Damina ta zo, zafi ya sauka, sauro ya karɓi aiki. Yaran da mai ziyara ya ɗauka a hoto suna tsalle cikin ruwa, ya rubuta a ƙasa cewa yaran ƙauye sun fi kowa jin daɗi, bai san cewa a irin wannan ruwa na kwance ake ɗaukar tsargiya ba, ciwon da ke sa yaro fitsarin jini, wanda ƙwayarsa ke rayuwa a jikin ƙananan katantanwa na bakin ruwa. Uwar yaron ta sani, malamin asibitin ƙauyen ma ya sani.

Shi ma masuncin da kuke sa shi murmushi, ku tambaye shi. Zai gaya muku kuɗin koma, da yadda ruwa ke ja da baya a ƙarshen rani, da ranakun da zai kwana a kan ruwa ya dawo da abin da bai kai kuɗin cefane ba. Tarwaɗar da kuka ci da yaji da albasa a ranar Sallah tana da tarihi kafin ta iso faranti. Haka mai lambun da ke gefen ruwa. Daga nesa kore shar, gwanin sha'awa. Matso kusa ka ji lissafi: fetur na injin ban ruwa, taki, maganin feshi, tsutsar da kan cinye gonar tumatir cikin 'yan kwanaki, sannan ranar da kowa ya kwashe a lokaci guda, kwando ya faɗi warwas a kasuwa, dillali ya taya yadda ya ga dama domin ya san tumatir ba ya jiran gobe.

Akwai kuma baƙo na biyu, wanda shi ko zuwa bai yi ba. Daga waya ya san mu. A labarinsa, da an ce Dutsin-Ma ko Kurfi, sai babura da bindigogi da kuka. Ba mu ce ƙarya yake yi ba. Muna maƙwabtaka da Safana da Batsari da ke bakin dajin Rugu, kuma mun ga abin da muka gani. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Dutsin-Ma da Kurfi, aka shafe watanni ana haka. A watan Oktoban 2023 an sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Duk wannan ya faru. Sai dai mai rubutu daga nesa harin kawai yake gani, ba ya ganin zaman da ake yi kafin hari da bayansa. Bai san yadda mutum yake shiga mota ya yi tafiya mai nisa don kawai ya sami sabis ya kira ɗansa da ke Legas ba. Bai san yadda mai sana'ar POS ya wayi gari ba sana'a ba, ko yadda aka koma aika saƙo a takarda ta hannun direba kamar zamanin kakanni. Bai san cewa a cikin waɗannan watanni an ɗaura aure, an yi suna, an yi gardamar ƙwallo a majalisa, an ci bashi an biya ba. Mai hoton Sallah ya mayar da mu aljanna, mai labarin waya ya mayar da mu maƙabarta, mu kuwa gari ne da mutane ke kwana su tashi.

Wannan ciwo ba namu ba ne mu kaɗai. A watan Afrilun 2024 dubban mazauna tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya, inda Turawa ke tururuwar zuwa shan rana, suka fito zanga-zanga saboda tsadar gidan haya da ƙarancin ruwa, alhali otal-otal na cike da baƙi. A watan Yulin shekarar wasu mazauna Basalona har fesa wa 'yan yawon buɗe ido ruwa suka yi da bindigar wasan yara. Mu ba mu kai nan ba, baƙinmu ba su da yawan da za su ƙwace mana gida, kuma muna maraba da su. Darasin dai ɗaya ne: wurin da wani ke zuwa hutawa, a nan wani yake neman abin da zai ci, kuma wanda ya fi ƙarfin murya shi duniya take ji. Su can kamfanonin yawon buɗe ido ne ke zana musu hoton garinsu. Mu nan, abin takaici, marubutanmu ne, 'ya'yan Hausa masu rubutu da Hausa.

Mun san amsoshin da za su biyo baya, bari mu tare su tun yanzu.

Wani zai ce, ai labari ƙirƙira ne, marubuci na da 'yancin ya gina duniyarsa. Haka ne. Ƙirƙiri garinka, ka raɗa masa suna, ka sa ƙanƙara ta zuba a Afrilu, ba mai tuhumarka. Amma da zarar ka rubuta Zobe, ka rubuta Dutsin-Ma, ka ɗauki sunan mutane ka yi jingina da shi domin mai karatu ya yarda da kai. Wanda ya ari suna, ya ɗauki nauyin masu sunan.

Wata za ta ce, masu karatu sun gaji da baƙin ciki, soyayya suke so, su ɗan huta. 'Yar uwa, wa ya ce miki ba a soyayya a Kurfi? Ana yi, kuma ta fi ta bakin dam daɗin karatu. Rubuta mana saurayin da yake zuwa zance da la'asar domin an daina tafiyar dare a hanyar ƙauyen su yarinyar. Rubuta mana budurwar da ta yi wata uku ba ta ji muryar wanda take so ba saboda an rufe layi, tana jiran ranar kasuwa ko direba zai zo da takarda. Rubuta mana ɗalibin da ya zo karatu daga Kudu, ya kamu da son 'yar mai gidan da yake haya. Masoyan bakin dam ba abin da ke tsakaninsu sai iska, shi ya sa labarinsu ba ya zama a zuciya. Soyayya sai da abin da zai tare mata hanya take zama labari.

Wani dattijo kuma zai ce, kuna tona asirin garinku, za ku kori baƙi. Ranka ya daɗe, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma in bai faɗa ba, ba mai hawa ya gyara. Shekara 38 ɗin nan da ruwa ya yi yana kallonmu muna kallonsa, da a ce an cika littattafai da wasanni da waƙoƙi da zancensa, wataƙila da ba ta kai haka ba. Ba mu da tabbas, amma mun tabbata shiru bai kawo famfo ba. Kuma faɗin wahala ba ya hana faɗin daɗi. Muna son garin nan. Muna son dutsen da ya ba shi suna, wanda ake cewa wani maharbi mai suna Ma ne ya zauna a kansa. Muna son yadda garin ya cika da ɗalibai tun da aka kafa jami'ar tarayya a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, har ka ji harsuna iri-iri a layin mai shayi guda. Muna son sanyin Disamba da ƙamshin sabon gero. Wanda ya san wuri da daɗinsa da ɗacinsa shi ya isa ya yabe shi.

Kada a fahimce mu a karkace, ba mu hana baƙo rubutu ba. Rubutun matafiyi tsohon abu ne a adabinmu. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, Malam Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Amma su sun faɗa wa mai karatu cewa tafiya suka yi, idon baƙo ne yake magana. In ka zo Zobe ranar Sallah, rubuta mana abin da baƙo ya gani ranar Sallah, za mu karanta da murna, wataƙila ma ka nuna mana abin da sabo ya rufe mana ido a kai. Abin da muka ƙi shi ne ka yi awa biyu, sannan ka ari bakin wanda ya yi shekara hamsin ka ci masa albasa.

Laifin ma ba na baƙi ba ne su kaɗai, mu faɗi gaskiya ko a kanmu ne. Mu 'yan yankin da ke cikin wannan zaure, me muka rubuta? Yawancinmu in mun ɗauki alƙalami sai mu gudu Abuja ko Dubai, mu gina gidan bene mai hawa uku da ba mu taɓa shiga irinsa ba, mu bar ɗan ga-ruwan ƙofar gidanmu ba mai ba da labarinsa. Kenan mu ma baƙi ne a garuruwan wasu, abin da muke zargin wasu da shi muke aikatawa. Da ɗan gari akan ci gari, kuma mu ne 'yan garin da suka bar ƙofa a buɗe.

Saboda haka ga aikin wannan mako, ga duk mai so. Zaɓi wuri guda a garinku da baƙi ke zuwa kallo: dam ne, dutse ne, kasuwa ce, fada ce, ko rijiyar Kusugu ce ga mutanen Daura, ko hasumiyar Gobarau ga na cikin Katsina. Je can a ranar da ba Sallah ba, a lokacin da ba mai ɗaukar hoto. Nemi mutum ɗaya da abincinsa ke wurin, ka gaishe shi da ladabi, ka nemi izininsa, ka zauna. Tambaye shi ƙarfe nawa yake fitowa, me yake kashewa kafin ya samu, wane wata ya fi tsoro a shekara, me baƙi suke tambayarsa da ke ba shi dariya. Kada ka sa sunansa na gaskiya. Rubuta shafi ɗaya kacal ka turo nan ƙasa, kuma kada kalmar "ni'ima" ko "shaƙatawa" ta fito a ciki. Mu ma za mu kawo namu, daga bakin wani mai gyaran injin ban ruwa.

Wanda yake ganin mun yi tsanani, ga fili nan, ya zo da hujjarsa, za mu saurara. Wanda kuma labarinsa ne muka taɓa, ya sani ba da shi muke faɗa ba, alƙalaminsa muke so ya ƙara kaifi. In ya sake shigowa Dutsin-Ma, ya zo a Afrilu, ya kwana uku. Tabarma da ruwan randa suna wuyanmu.

Allah ya yi mana jagora, ya zaunar da yankunanmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.