Tsohuwar majami'ar Wusasa da masu son rusau

Duk inda coci ke riƙe da tsohon ginin ƙasa a tsakiyar gari, wata rana wani dattijon ikilisiya zai miƙe ya ce a rushe a zuba shaguna, kuɗin haya su riƙe fasto. Ba na ganin laifinsa gaba ɗaya. Wanda ya tuna yadda wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Mika'ilu, ya rufta kan masallata a Agustan 2023 ya san azara da tubali ba sa yafe sakaci. Amma a dubi Wusasa. Majami'ar St. Bartholomew da mishan ɗin CMS ta gina wajen 1929, bayan ta bar cikin birnin Zazzau, magina Hausawa ne suka ɗaga ta da ƙasa, da bakan gizo irin na soron sarakuna. A unguwar nan Janar Yakubu Gowon ya tashi, kuma Dokta Miller na wannan mishan ne ya jagoranci fassarar Littafi Mai Tsarki da ta fito a 1932. Takardar fili ta Anglika ce, gaskiya, amma gwanintar da ke jikin bangon gadon Zazzagawa ce, Musulmi da Kirista. Mutanen Maradi, inda mishan ɗin SIM ta kafa sansani a Tsibiri da Danja, su ma tambayar na jiransu. Yaɓe duk shekara kafin damina ya fi rusau arha; matsalar ita ce maginan da suka iya shi suna tsufa, ƴaƴansu kuwa sun koma bulo da kwano.