'Ya'yan Wa Ke Riƙe Da Gorar?

A ranar 25 ga Fabrairun 2023 aka yi zaɓen shugaban ƙasa da na 'yan majalisun tarayya. Ba a kai ga kammala tattara sakamakon mazaɓar Doguwa da Tudun Wada ba sai gari ya yamutse, aka banka wa ofishin jam'iyyar NNPP na Tudun Wada wuta, aka yi asarar rayuka. 'Yan sanda sun kama Alhassan Ado Doguwa, shugaban masu rinjaye na Majalisar Wakilai a lokacin, aka gurfanar da shi, aka ba da belinsa, kuma a watan Mayu ma'aikatar shari'a ta Jihar Kano ta ce ba ta sami hujjar tuhumarsa ba. Mu ba alƙalai ba ne, ba kuma za mu ɗora wa kowa abin da kotu ba ta ɗora masa ba. Tambayarmu daban take. Sunayen manyan da suka yi takara kowa ya san su. To, a wajen danginsu, mutum nawa ne za su iya kawo sunan ko da mutum ɗaya daga cikin waɗanda aka binne?

Alal haƙiƙa wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Kano. Tun a shekarun 1950, bayan kafa NEPU, aka tara zauna-gari-banza da ake kira 'yan mahaukata don su ci zarafin mabiyanta. Sunaye ne kawai ke sauyawa, daga 'yan banga zuwa 'yan daba zuwa 'yan jagaliya, amma tsarin yana nan daram: mai kuɗi ya sayi ƙwaya da wiwi, ɗan talaka ya ɗauki gora da barandami, ya je ya sari ɗan talaka ɗan'uwansa. Ba mu taɓa jin an tsinci ɗan mai takara a kwata da sara a ka ba. Nasu 'ya'yan suna makaranta, wasu ma a ƙasashen waje.

Masu bin labaran duniya za su tuna tarzomar birnin Los Anjalas na Amurka a ƙarshen Afrilun 1992, lokacin da kotu ta sallami 'yan sandan da aka ɗauki hotonsu suna jibgar wani baƙar fata mai suna Rodney King. Sama da mutum 50 suka mutu. Wariyar launin fata ce ta kunna wutar, babu shakka, amma makamashin an daɗe ana tara shi: masana'antun da baƙaƙen fata ke aiki a cikinsu sun rufe, hodar iblis ta mamaye unguwanninsu, ƙungiyoyin 'yan daba suka zame wa yara uwa da uba, baƙi yana kashe baƙi a kan iyakar layi. Mu a nan fatarmu ɗaya, harshenmu ɗaya, alƙiblarmu ɗaya, amma duk da haka mun iso inda suka isa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa inda duk aka ware wasu mutane aka ce su ne na sadaukarwa, to ko babu bambancin launi, bambancin ɗan wane da ɗan talaka zai yi aikin.

Abin takaicin shi ne ƙananan hukumomin nan huɗu ba matalauta ba ne. A Bebeji madatsar ruwa ta Tiga take, wadda gwamnatin Audu Baƙo ta kammala a 1974, aka tashi ƙauyuka domin ta, ruwanta kuma shi ke shayar da gonakin Kadawa, ya gangara har birni. A Doguwa aka haƙi kuza a Riruwai shekara da shekaru. Masara da shinkafar Tudun Wada da Kiru na cika manyan motoci zuwa Dawanau. To ina arzikin yake tafiya? Manomi ya ci bashin taki da damina, ya sayar da amfaninsa da arha a kaka domin ya biya, dillali ya ɓoye, ya fitar da shi da bazara a ninki. Ɗan manomin yana kallo. Da ya tasa sai ya hau mota a Kwanar Ɗangora ya nufi birni ci-rani, inda masana'antun Sharaɗa da Bompai da suka ɗauki iyayensa aiki suka fara durƙushewa tun bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986. Acaɓar da ta rage masa, ita ma an hana ɗaukar fasinja da ita a cikin birni a 2013. Wanda ya karɓe shi hannu biyu-biyu shi ne ubangidan daba. Ranar zaɓe kuma a loda shi a mota a mayar da shi garinsu, ya yi wa maƙwabcin mahaifinsa ɓarna.

Ba muna wanke yaran nan ba ne. Wanda ya zubar da jini ya ɗauki alhakin da babu talaucin da zai sauke masa. Amma mun gaji da adalcin da ke tsayawa a kan mai riƙe da wuƙa, ya kau da kai daga wanda ya saya masa. A jera yara tsugune a gaban 'yan jarida da tarin adduna, a kira su ɓata-gari, shi ke nan. Yaushe aka taɓa jera wanda ya biya kuɗin?

Mu ma da namu laifin. Sau nawa muka amshi gudummawar ginin masallaci daga hannun da muka san yana ciyar da 'yan jagaliya, muka yi shiru? Sau nawa muka hana yaro auren 'yarmu saboda ubansa mahauci ne ko maƙeri, sannan muka yi mamakin ya daina ganin girmanmu?

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa a Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa da su haɗa kai da limamai da dagatai, a bi gida-gida a rubuta sunan duk wanda ya mutu ko ya nakasa a rikicin siyasa, da marayun da ya bari, a miƙa wa hukuma a nemi diyyarsu. Duk mai neman kujera da ya zo neman goyon baya kuwa, a zaunar da shi a ƙofar masallacin Juma'a, a karanta masa sunayen nan ɗaya bayan ɗaya kafin a ba shi damar magana.