'Yan Tireda Mu Daina Sayar Da Sha-Ka-Fashe

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, don in ja kunnen 'yan uwana 'yan tireda da mutanen karkara game da ƙwayar nan da ake kira sha-ka-fashe.

Ni manomi ne, da rani kuma ina kasa kaya a tebur ranar kasuwa, su sabulu da sukari da ashana. Ba zan ɓoye ba, na sha sayar da ƙwayoyi, ciki har da deksa, wadda mata ke saya don su yi ƙiba, mu maza kuma mu sha in jiki ya yi tsami. Ban san wuta nake sayarwa ba sai da ta kama gidana.

Uwargidana ta yi wajen wata takwas tana shan ta kullum. Fuska ta cika, ciki ya fito, amma hannuwa da ƙafafu suka rame. Mutane na cewa hutu ne ya karɓe ta. Da damina ta faɗi na daina zuwa sari, sai ƙwaya ta yanke mata. Cikin 'yan kwanaki sai amai da jiri da kasala, ko tashi ba ta iyawa. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce jifa. Allah ya sa ƙanena ya nace muka kai ta babban asibiti. Likita ya ce jininta ya sauka ƙwarai, da mun ƙara kwana ɗaya da sai dai labari. Aka sa mata ruwa, aka yi mata allura, sannan ya zaunar da ni ya yi mini bayani.

Ya ce a saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka zaune kamar hula, nauyinta wajen giram 5, likitoci na kiran ta adirinal. Ita ke fitar da sinadaran da ke daidaita ƙarfin jini da gishiri da sukarin jiki, su kuma ba mutum ƙarfin jure ciwo da wahala. Deksa da 'yar uwarta firedinisolon kwaikwayon ɗaya daga cikin sinadaran nan ne. In mutum ya wuce mako 3 yana shan su, tsokar takan ga ana yi mata aikinta, sai ta kwanta barci. Ran da aka daina sha farat ɗaya ba ta farkawa nan take, sai jiki ya rasa na waje ya rasa na ciki. Kamar manomin da ya saba cin tallafi ne har ya ajiye fartanya, ran da tallafi ya tsaya sai ya tarar da rumbu wayam. Ita kanta ƙibar ba ta lafiya ba ce, tana tafe da hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi. Ya ce har wasu mayukan bilicin na ɗauke da irin wannan sinadari.

Ya ƙara da cewa ba ƙwaya kaɗai ke taɓa wannan tsoka ba. Tarin tibi ma yakan cinye ta, kuma tun 1855 wani likita a Landan mai suna Thomas Addison ya bayyana wannan cuta. Alamunta su ne rama da kasala da kwaɗayin gishiri, fata kuma ta yi duhu har dasashi da layukan tafin hannu. Wani lokaci kuma wata jaka mai ruwa kan fito a kanta. Wannan ba kasafai ake samun sa ba, galibi sai an je hoton ciki don wani ciwo dabam a gan ta. Yawanci ba ta da illa, sai dai babba takan jawo ciwon kwiɓi. Amma ba a taɓa ta sai an gwada jini da fitsari, don akwai wani ƙari mai kama da ita da ke sa jini ya hau nan take, da ciwon kai da zufa da bugun zuciya. To ka ga wannan ba aikin ƙaho ba ne, ba kuma na tsaga ba.

Alhamdu lillahi mai ɗakina ta samu sauƙi. Likita ya mayar da ita kan magani, ya yi ta rage mata kaɗan-kaɗan har watanni kafin ya tsayar.

Saboda haka 'yan uwana 'yan tebur, mu ji tsoron Allah. Maganin nan yana da amfani a hannun likita, kamar ga masu asma, amma a teburinmu guba ne, kuma ribar da ke cikinsa ba ta kai kuɗin motar asibiti ba. Wanda ya daɗe yana sha kuma, don Allah kada ya karanta wasiƙar nan ya daina yau. Ya ɗauki kwalin ya kai wa likita, ya faɗi gaskiya. Mu maza kuma mu daina yi wa matanmu gorin rama, don mu ne muke tura su. Ina kuma kira ga hukumomin lafiya da masu gari da limamai su shiga kasuwannin ƙauye su wayar da kan jama'a.

Ni dai na kwashe tawa na zuba a masai. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, amin.

Naka mai karatu kullum,
Wani manomi ɗan tireda,
Jihar Katsina.