Kakuri na jiran aikin Majalisar Wakilai

Duk wanda ya san Kaduna kafin ƙarshen shekarun 1990 ya san jiniyar masaƙun Kakuri. Da ta kaɗa, dubban ma'aikata kan fito bisa kekuna su cika titi zuwa Makera da Nasarawa, masu tuwo da masu shayi na bakin ƙofa suna jiran su. Masaƙar KTL, wadda gwamnatin Sardauna ta kafa a 1957 tare da wani kamfanin Ingila, ita ta buɗe hanya, sannan Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960. A nan aka kafa kamfanin ƙera makamai na DICON a 1964, a nan kuma Peugeot ya fara haɗa motoci a 1975. KTL ta rufe ƙofa a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin bashin kuɗin sallama, da yawansu suka rasu ba su karɓa ba. UNTL ta tsaya a 2007. Yau ciyawa ce ta cinye harabar yawancin masaƙun, jikokin masu saƙa kuma suna kabu-kabu da Keke Napep.

Duk wannan rufe-rufen ya faru ne Majalisar Wakilai na zaune a Abuja, domin tun 1999 ba ta taɓa yankewa ba. Mazaɓar Kaduna ta Kudu, wadda Kakuri ke cikinta, tana da kujera ɗaya daga cikin 360, jihar Kaduna tana da 16, kuma tun watan Yunin 2023 shugaban majalisar, Tajudeen Abbas, ɗan Zariya ne. Don haka idan mutumin Kakuri ya tambayi amfanin wannan majalisa a rayuwarsa, tambayar tana bisa hanya, kuma wannan jarida na ganin ya cancanci amsa ta gaskiya.

Ba rashin iko ne ke damun majalisar ba. Kundin tsarin mulkin 1999 ya damƙa mata yin doka tare da Majalisar Dattawa, ya hana a taɓa kobo daga baitulmalin tarayya sai da amincewarsu. Sashe na 88 da na 89 sun ba ta ikon bincikar yadda ake kashe kuɗin da ta ware, ta gayyaci minista ko shugaban hukuma ya zo ya yi bayani, idan ya ƙi ta sa a kawo shi. Idan shugaban ƙasa ya ƙi sa hannu a ƙudurin doka, kashi biyu cikin uku na kowace majalisa na iya mayar da shi doka, kamar yadda aka yi da dokar hukumar raya yankin Neja Delta a 2000, zamanin da Ghali Umar Na'Abba ke riƙe da gudumar majalisar. Abubuwan da suka kashe masaƙun Kakuri kuwa, wato fasa-ƙwaurin atamfa ta kan iyakoki, da harajin kwastan, da tsadar wutar lantarki da baƙin mai, da tauye haƙƙin ma'aikata, kusan dukkansu suna cikin hurumin da tarayya ke yi wa doka.

To me aka yi da wannan iko? Abin da aka fi gani shi ne ƙudurin kira. Ɗan majalisa ya miƙe ya bayyana takaicinsa kan durƙushewar masaƙu, abokan aiki su mara masa baya, a buga guduma, a miƙa batun ga kwamiti da umarnin ya kawo rahoto cikin mako huɗu. Irin wannan ƙuduri ba doka ba ne, ba ya tilasta wa kowa komai, kuma sau da yawa daga ranar ba a sake jin ɗuriyarsa. An ware asusun naira biliyan 100 don farfaɗo da auduga da masaƙu ta hannun Bankin Masana'antu, aka fara rabawa a 2010. A 2019 Babban Banki ya hana masu shigo da yadi samun dala daga hannun gwamnati, a watan Oktoban 2023 kuma ya janye hanin. Manyan matakai ke nan da suka shafi tukunyar kowane gida a Kakuri. Haƙƙin mutanen unguwar ne wakilansu su bi diddigin wanda ya karɓi bashin, da abin da ya yi da shi, da yawan ma'aikatan da suka koma bakin aiki, sannan a zo a faɗa musu da harshen da suke ji.

Batun motocin 'yan majalisar ma darasi ne. A 2008 majalisar ta sayi Peugeot 407, ta sake sayen Peugeot 508 a zamanin shugabancin Yakubu Dogara, duk ta hannun kamfanin da ke Kakuri. A 2020 aka koma Toyota Camry, a 2023 kuma aka sayi manyan motocin ƙasashen waje masu tsadar gaske, watanni kaɗan bayan cire tallafin man fetur, lokacin da talaka ke rage cin abinci don ya biya kuɗin mota. Majalisar da ke kiran hukumomi su sayi kayan gida ita ya kamata ta fara nuna misali da kuɗin da ke hannunta. Wanda ya taɓa aiki a layin haɗa motoci ya san oda ta ɗaruruwan motoci albashin watanni ce ga magidanta masu yawa.

Muna faɗin alheri inda muka gan shi. Dokar DICON ta 2023, wadda ta maye gurbin ta 1964, daga Majalisar Wakilai ta taso, kuma ta buɗe wa kamfanin hanyar haɗa gwiwa da masu zuba jari. Dokar 2018 da ta rage shekarun tsayawa takarar majalisar daga 30 zuwa 25 ta ba matasa dama. Lokacin da ƙudurorin gyaran haraji suka tayar da ƙura a Arewa a ƙarshen 2024, majalisar ta dakata, ta saurari jama'a, a ƙarshe aka bar harajin VAT a kashi 7.5 cikin ɗari. Abin lura a nan shi ne, majalisar ta yi aiki ne domin malamai da sarakuna da gwamnoni da 'yan kasuwa sun sa mata ido, kowane wakili ya san za a tambaye shi idan ya dawo gida. A watan Mayun 2024 kuma, cikin yini guda ta kammala ƙudurin dawo da tsohon taken ƙasa. Ashe idan an so sauri ana iyawa. Tsohon ma'aikacin masaƙa da ya kwashe shekaru sama da ashirin yana jiran haƙƙinsa yana da dalilin jin zafi a ransa.

Akwai kuma ɗabi'ar da ta fi kowace lalata aikin wakilci, wato ayyukan mazaɓu. Kusan kowace shekara akan ware naira biliyan 100 don su, kuma a 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya ce an kashe kimanin tiriliyan ɗaya a shekaru goma ba tare da talaka ya gani a ƙasa ba. Kowa ya san yadda taron rabon tallafi yake: rumfa da kujerun roba, keken ɗinki da injin markaɗe jere a gaba, mata riƙe da katin shiga tun safe a cikin rana, a ƙarshe a miƙa wa kowace turmin atamfa. Wannan atamfar, a garin da ya taɓa tufatar da Afirka ta Yamma, yawanci daga Sin aka shigo da ita. Ba mu raina keken ɗinki ga bazawarar da ke riƙe da marayu ba. Damuwarmu ita ce wakilin da ya saba neman kwangilar mazaɓarsa a ofishin wata hukuma, bakinsa kan yi nauyi ranar da ya kamata ya titsiye shugaban hukumar a gaban kwamiti.

Mu masu zaɓe muna da namu kason a cikin wannan. Ƙofar gidan ɗan majalisa cike take da masu takardar asibiti, da kuɗin makaranta, da gudummawar biki da suna. Talauci ne ya kai mutane can, ba mu zarge su ba. Sai dai idan ma'aunin wakili ya zama yawan buhunan shinkafar da ya raba da azumi, to wanda ya kwana yana karanta kasafin kuɗi layi-layi shi zai faɗi zaɓe, mai kyauta kuma ya koma ko da bai taɓa buɗe baki a zauren ba.

Gyaran farko da muke nema mai sauƙi ne: a daina yanke manyan hukunce-hukunce da ƙuri'ar murya. A watan Maris na 2025, da murya aka amince da dokar ta-ɓaci a jihar Ribas, batun da tsarin mulki ya ce sai da kashi biyu cikin uku na dukkan mambobi. A majalisun Ingila da Amurka, ɗan ƙasa kan duba ya ga yadda wakilinsa ya kaɗa ƙuri'a a kan muhimman dokoki, da sunansa. Mutumin Kakuri ma ya cancanci ya san ko wakilinsa ya ce e ko a'a a kan bashin ƙasashen waje, ko haraji, ko kasafin ma'aikatar masana'antu. Haka nan a riƙa wallafa rajistar halartar zama, da rahoton kowane kwamitin bincike, tare da bayanin abin da ya biyo baya.

Ga 'yan majalisa 16 na jihar Kaduna kuwa, da shugaban majalisar a cikinsu, muna kira da su haɗa kai ba tare da duba jam'iyya ba su kawo zaman jin ra'ayin jama'a nan Kakuri. A gayyaci ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, wadda hedikwatarta ke Kaduna, da kamfanin NNDC na jihohin Arewa, da wakilan gwamnonin Arewa 19 da suka gaji KTL, da hukumar kwastan, da Bankin Masana'antu, a zauna gaban tsofaffin ma'aikata da matan waɗanda suka rasu. A fito da adadin abin da kowa ke bi da ranar da za a biya shi. Daga nan a koma Abuja da ƙudurin doka mai haƙori, wanda zai wajabta ɗinka kakin soja da na 'yan sanda da na masu yi wa ƙasa hidima da yadin da aka saƙa a Najeriya, a kuma ɗora wa kwamiti guda alhakin kawo rahoton aiwatar da shi a bainar jama'a duk shekara, kafin a amince da kasafin waɗannan hukumomi.